Harsashin Kawu Barau Na Biyu

Ranar Asabar ce, gari ya waye da lumshi bayan ruwan asuba, ƙasa duk taɓo. A ranar ne sojojin da suka yi sati uku suna koya wa 'yan sintirin Karaye da Rogo riƙon bindiga suka shirya mana gasar harbi a wani fili bayan Yammedi. Saje Nasiru, mai koyar da mu, ya ce ƙungiyar da ta ci zai rubuta wa samarinta takardar shaida su riƙe zuwa wajen ɗaukar soja. Ni da na bar makaranta tun aji biyu na sakandare, ban hango wata hanyar fita daga gonar gyaɗar babanmu ba sai wannan takarda. Sharaɗi ɗaya ya kafa: duk wanda ya kawar da bakin bindiga daga wajen allon da ake harbi, an kori ƙungiyarsa gaba ɗaya.

Mu biyar ne daga Yammedi, biyar daga Jajaye. Da safen nan mai unguwa ya cire Abdulmutalib, wanda ya fi mu duka saiti, ya sa yayan mahaifiyata, Kawu Barau, tsohon maharbi. Ko sau ɗaya bai taka wajen horon ba.

Na ce, "Kawu, wannan fa ba irin taku ba ce. In ka harba, wani harsashin da kansa yake hawa."

"Kai Zubairu, rufe mini baki! Na kashe gwanki tun uwarka tana goye."

Mijinyawa na Jajaye ya ƙyalƙyale. "Ku ƙyale Baba mana. Wataƙila allon ma ya ji sunansa ya faɗi da kansa."

Aka ba kowa harsashi biyar. Saboda girma aka ce Kawu ya fara. Ya ƙi kwanciya kamar yadda aka koya mana, wai taɓo zai ɓata masa rigar layu, sai ya durƙusa. Ya harba. Tsakani da Allah ya sami allon, kusa da tsakiya ma. Mutanen garinmu suka ɗau sowa.

Sai hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara arba'in. Bindigar toka sau ɗaya take tashi, sai maharbi ya juyo da bakinta ya busa, ya kori hayaƙi kafin ya sake ɗuri. Kawu ya miƙe yana murmushi, ya juyo da bakin bindigar soja wajen fuskarsa, hannu ɗaya na kan kunama, ya kumbura kumatu.

"Baba!"

Saje ne ya daka wannan tsawa, ya yi tsalle ya doke bakin bindigar gefe. Ta tashi. Harsashin ya zaftare saman kunnen Kawu da gefen hularsa, ya wuce ya sami san Bappa Lado, makiyayin garinmu da ya kawo mana ruwan sha a amalanke. Kowa ya kife a taɓo, har da mai unguwa da babbar rigarsa. Da muka ɗago, san yana shure-shure, Bappa yana ihun a kawo wuƙa.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya ba jinin ba ne. Kawu na dafe da kunne, yana kallon mutane, ya ce, "Wannan bindiga ba ta da tarbiyya."

Na bi Saje har gindin mota. "Oga, don girman Allah, mu huɗun nan ba mu yi komai ba."

Ya miƙo hannu kawai. "Sharaɗi sharaɗi ne. Kawo harsasan."

'Yan Jajaye suka kwanta ɗaya bayan ɗaya suka yi harbinsu, ba abokin gasa. Mijinyawa sau biyu kacal ya taɓa allo, ya karɓi takarda.

Abin da Yammedi ta rasa: sa ɗaya na huɗa a tsakiyar damina, rabin kunne, hula ɗaya, sati uku na horo, takardu huɗu. Harsashina biyar na mayar, ban harba ko ɗaya ba.