Akuyar da ke Ratsa Darni

Bayan Raudatu ta gama jarrabawar bak ta kammala sakandare, ta koma gida Dakoro da tsohuwar ordinata, wato kwamfutar da yayanta Habibu ya bar mata. Tun tana makarantar lise take son ta ƙera wasan bidiyo nata na kanta, sai dai ba ta taɓa rubuta ko layi ɗaya na kod ba, wato rubutun umarnin da na'ura ke bi.

Abin da ya fara tsayar da ita shi ne zaɓen injin wasa, wato manhajar da ake gina wasan a cikinta. Ta yi kwanaki tana karanta gardamar mutane a wayar salula, kowa na yabon nasa. Da kanta ya ɗaure, ta kira Habibu a Maradi.

"Yaya, wanne ya fi?"

"Wanda ordinatarki za ta iya ɗauka. Ki bar karatun nan haka, ki fara."

Ta zaɓi Godot, don ba shi da nauyi kuma kyauta ne. Ta zana gonar gero, ta kewaye ta da darni, ta saka akuya. Da ƙyar ta gano yadda za ta ce wa akuyar ta matsa dama in an danna maɓalli. Sau da yawa harafi ɗaya take mantawa, komai ya tsaya cik. Ranar da akuyar ta taka, Raudatu ta yi guɗa har kakarta Uwale ta leƙo daga rumfa.

"Ke ɗiyar nan, lafiya?"

"Kaka, zo ki gani!"

Uwale ta zauna a tabarma ta ƙura ido. Akuyar ta nufi darni, ta ratsa shi kamar babu komai, ta faɗa cikin gero.

"Wannan ai akuyar Dela ce," in ji Uwale, tana nufin maƙwabciyarsu. "Ita ma darni bai taɓa tsayar da ita ba."

Raudatu ta yi dariya har da hawaye. Daga baya ta gane ba ta faɗa wa injin cewa darni abu ne mai tauri ba. Ta gyara, akuyar ta riƙa cin karo tana tsayawa. Uwale ta taɓe baki.

"Yanzu kuma ba daɗi. Bar mata kafa guda, sannan ki sa mai korar ta."

Haka aka yi. Raudatu ta zana wata tsohuwa da sanda, ta koya wa kakarta maɓallai huɗu. Da fari Uwale na dannawa da ƙarfi kamar mai matse ƙuli, amma kafin la'asar ta kori akuyar daga gona, ta gyara ɗaurin kallabi tana murmushi.

"Saura tsohuwar ta yi magana," ta ce. "Wa ke korar akuya shiru?"

Raudatu ba ta san yadda ake saka sauti ba tukuna. Ta kunna ɗaukar murya a salula, ta miƙa ta kusa da bakin kakarta, ta ce, "Bismilla, Kaka. Yi mata tsawa."