Busar Daren Talata

Wani daren Talata, bayan na kashe fitila, wani sauti ya shigo ta tagar bayan ɗakina. Da farko na ɗauka ƙyauren ƙarfe ne ke kuka don rashin mai. Sai ya hau sama a hankali, ya tsaya, ya sauko kamar mai saukowa daga bene da ciwon gwiwa, ya yi wata 'yar dariya, ya sake hawa. Na juya kunnena na dama wajen tagar, don na hagu ya shekara uku da ajiye aiki. Da sautin ya ɗauke, sai na tarar hannuna yana riƙe da ƙarfen taga.

Ni mai gyaran agogo ne, ko in ce da can. Aji huɗu na yi a makaranta, sauran karatun a cikin agogon mutane na yi shi. Har yau ina da gwangwani cike da makullan da ba su da ƙofa da maɓallan da ba su da riga. Likita ya riga ya gaya mini cewa kunnen daman ma yana bin sawun ɗan'uwansa, in ya daɗe ya kai shekara. Ban wani damu ba sai a daren nan. Na so in sake jin wannan busa ko sau ɗaya ne kafin kunnen ya tafi.

Da safe a bakin famfo na tambayi Tela, maƙwabcina, ko ya ji wani abu.

"Na ji minsharinka," in ji shi.

"Busa nake nufi."

"Tsoho, kai da sai an yi maka sallama uku, kai ne ka ji busa?"

'Yata, wadda nake zaune a hannunta, ta ce, "Baba, wani ne ya kunna a waya ko rediyo." Na yarda da ita. Ni a sanina duk abin da ya yi daɗi haka, to an ɗauke shi a faifai, kuma abin da ke faifai ana samunsa, kamar yadda ake samun gilashin kowane agogo in an yi haƙurin nema.

Ta kai ni kasuwar waya, wurin wani mai tura waƙoƙi da ke zama a ƙarƙashin matakala, mutum mai tumbi da furfura a gemu. Ya ce in rera masa. Na rera iyakar abin da na riƙe.

"Baba, wannan kiɗa ne ko tari?"

Amma ya yi haƙuri da ni. Ya ɗora mini abin kunne, ya yi ta canzawa, ina girgiza kai. A na goma sha wani abu na kama hannunsa.

"A'a, to ai jaz kake nema, kiɗan baƙaƙen Amurka," in ji shi. "Shekara tara ina nan, kai ne na biyu da ya tambaya. Na farkon kuskure ya yi."

"To a ba ni shi."

"Ba waƙa ɗaya ba ce, Baba. Duniya ce guda."

Ya cika mini memori, ya rubuta sunaye a bayan takardar magani. Ya ce in fara da wani mai busa ƙaho da ba ya sauri, sannan matar da ke kaɗa piyano, in na saba sai in shiga faifan da aka ɗauka a ƙaramin ɗaki, inda ake jin ƙarar kofuna da tarin mutane. Sunayen sun fi ƙarfin harshena, sai na raɗa musu nawa: Mai Mura, Hajiya Yatsu, Sarkin Gaggawa, da wani mai ganga da na sa wa Ruwan Kwano.

Wata biyu na yi ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Na so Mai Mura ƙwarai, yana busa kamar mutumin da aka tasa daga barci ya ba da haƙuri. Amma ba shi ba ne. In na koma, mai turi ya ce, "Tunda ka so wannan, gwada abokinsa." Abokin ma yana da abokai. Takardar ta cika, muka shiga ta biyu. Na gaji da hawa mota, na gaji da zama da waya a kunne har wuyana ya ƙage. A satin farko ina sa ƙarar wayar a kan bakwai. Zuwa ƙarshen wata na biyu tana kan goma sha biyar, kuma daga nan babu gaba.

Ran nan ina zaune a shagon Tela, sai na ga wata doguwar jaka baƙa rataye a ƙusa. Na tambaye shi ta mece ce.

"Ta mai gyaran firjin bayan gidanmu ce. Karo na biyu ke nan ina sa mata zif. Wani ƙarfe yake sawa a ciki, mai lanƙwasa kamar lofe, wai busawa yake."

"Tun yaushe ka sani?"

"Ai ba ka tambaye ni ƙarfe ba. Kiɗa kake ta nema."

Da la'asar muka zagaya, ni da 'yata, Tela na biye da jakar. Mun sami mai firjin cikin gawarwakin firji, hannunsa duk baƙin mai. Na ba shi labarin daren Talata. Ya ce tabbas shi ne, ranar ce aka sallamo matarsa daga asibiti, ya kasa barci.

"To ɗan'uwa, ka sake busa mini ita."

Ya goge yatsu da tsumma. "Baba, da zan iya da na yi. Ban san abin da na busa ba. Shi wannan kiɗan a take ake yin sa. Ko faifan da kake ji, da a ce sun sake washegari, da wani abu daban za ka ji."

Na zauna a kan wani kifaffen firji. Takardun maganin nan biyu suna aljihuna.

"Amma bari in yi maka ta yau," in ji shi.

Ya wanke hannu, ya ɗauko ƙarfen, ya jiƙa bakinsa. 'Yata ta juya ni don kunnen dama ya fuskance shi. Na ga kumatunsa sun cika, na ga yatsunsa suna tafiya a kan maɓallai. In ya sauka ƙasa, ina jin abin a ƙirjina da cikin firjin da nake zaune a kai. In ya hau sama, sai in ga jijiyar wuyansa kawai ta tashi, in jira ya dawo. Can na ga kafaɗarsa ta girgiza sau biyu, na ce a raina watakila nan ne wurin dariyar.

Tela ya sunkuyo, ya dubi fuskata, ya dubi 'yata.

"Wai yana ji kuwa?"