Leda Goma Sha Ɗaya a Bayan Danga

Mu huɗu ne ɗaliban aikin gona da muka ɗorawa kanmu koya wa matan wani ƙauye noman laimar kwaɗi, kuma ni ce shugaba, don na fi kowa baki. Ranar farko mata talatin suka zo, suka sha dariya da jin cewa abin da ke tsirowa a jikin ruɓaɓɓen kututture yana da ɗan'uwa da ake ci. Sati na zagayowa tara suka dawo.

Kafintan ƙauyen ya ba mu garin katako kyauta, ya kuma ara mana ɗakin da yake ajiye katakonsa, amma da sharaɗi: wata biyu, idan ba abin da ya fito, a ba shi ɗakinsa. Ba wanda zai sake ba mu wani, mun san haka.

Muka nuna musu aikin. A jiƙa garin katako, a gauraya da dusa, a matse a hannu har ya daina ɗiga, a cusa a leda. A turara a duro awa huɗu cur don a kashe ƙwayoyin cuta, a bari ya huce, a wanke hannu, a sa iri, a ɗaure. Leda arba'in muka jera a duhu. Na kafa doka da babbar murya: kar a taɓa, kar rana ta gan su.

Cikin matan akwai yayar kafinta, kowa Goggo yake ce mata. Ita ke adana wa rabin ƙauyen irin shuka tun kafin a haife ni. Ba ta tambaya, ba ta gardama, sai dai duk abin da aka miƙa mata ta kai hanci. Mu dai muna yi mata dariya a mota.

Sati na uku muka iso, na tarar da leda goma sha ɗaya zube a bayan danga, rana na dukansu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Aka ce Goggo ce. Nan take na gane, a ganina: ta ga farin saƙar da ke mamaye leda ta ɗauka fumfuna ce. A gaban mata na shiga yi mata karatu, cewa wannan farin shi ne shukar kanta, ba ɓaci ba ne. Ta bar ni na gama tas.

"'Yata, na san farin," in ji ta. "Yana nan a ɗaki, ban taɓa shi ba. Shinshina wannan."

Na shinshina, ban ji komai ba. Ta ce in yanka. Na sa reza, sai ga fumfuna koriya shar a tsakiya. Na yanka ta biyu, haka. Duka goma sha ɗayan haka suke, da an bar su da sun shafi sauran. Mu da littafi sai mun gani da ido, ita ta ji tun bai fito fili ba.

Sai na lura da igiyar da aka ɗaure su da ita, shuɗiya ce. Ledojin duro na ƙarshe ke nan, wanda na sauke bayan awa biyu don kar motar komawa ta bar mu. Goggo tana wurin ranar, ita ta taya ni saukewa. Kunya ta rufe ni, na jira ta tona. Matan suka tambaye ta me ya jawo, ta ce hannu da yawa ne, wata rana sai haka, a je a yayyafa wa sauran ruwa. Ni na buɗe baki na faɗa musu gaskiya, don ba zan iya haɗiye wannan ba.

Ashirin da tara ɗin suka fito, farare tas, gungu-gungu. Kafinta ya leƙo ya gani, washegari ya kafa mana kantoci da hannunsa.

Da za mu ƙauye na gaba, muka roƙi Goggo ta bi mu. Ita ke koyar da shinshina yanzu, har mu ɗaliban muna layi. Da aka hura wuta ta jawo mini kujera gaban duro, ta ce a hankali, yadda ba wanda zai ji:

"Zauna nan, 'yata. In mota ta tafi, akwai tabarma a ɗakina."