Maganin Tsayar da Jini

Jirgin ƙasan ya tsaya cak tsakanin Takoma da Fort Totten, direba ya ba da haƙuri ta lasifika, kowa ya mayar da kai kan wayarsa. Sailuba kuwa sai duban agogo take yi, domin a taron safiyar nan za a yanke hukunci kan maganin tsayar da jini, ga shi ta makara.

Ƙungiyar da take wa aiki a Washington tana tallafa wa ƙananan asibitocin haihuwa a arewacin Najeriya, har da na garinsu. Gwamnatin Amurka ta dawo da dokar nan da ke hana kuɗin tallafinta ga duk ƙungiyar waje da ke da hannu a zubar da ciki. Sailuba ba ta taɓa zaton abin zai shafe su ba. Amma ƙwayar da ungozoma ke bayarwa don tsayar da jini bayan haihuwa, ita ce dai ake iya zubar da ciki da ita. Kuma ƙanwarta Sharifa na can gida da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. A haihuwarta ta baya, jini ya ɓalle mata har sai da aka fara salati a kanta, ƙwayar nan ce ta tsayar da shi.

Da Sailuba ta isa ofis, ta iske taro ya yi nisa. Gregory, lauyan ƙungiyar, mutum ne mai kirki, amma ko inuwarsa ya gani sai ya nemi shawarar wani lauyan. Yana cewa a dakatar da aika maganin har sai ƙura ta lafa.

"Dokar ba ta hana shi ba," in ji Sailuba, ko jaka ba ta ajiye ba. "Na karanta. Jinyar mai zubar jini ba ta cikin abin da aka hana."

"Na sani," Gregory ya ce. "Amma in ƙwaya ɗaya ta bi wata hanya, aka ce tamu ce, duk asibitocin za su rasa tallafi. Rigakafi, awon ciki, komai." Ya dubi hijabinta ya yi ɗan murmushi. "Ni na ɗauka ma ke za ki fi kowa samun sauƙin wannan."

Ranta ya ɓaci sosai. Ta ce addininta bai ce a bar mace ta mutu a kan gadon haihuwa ba. Ta yi magana kan matan ƙauye da ake kawowa a bayan babur, ta ce babu wadda ta fi wata a cikinsu, kowacce 'yar wani ce. Linda, shugabar ofis, ta saurara da idanu jajur, ta yi ta gyaɗa kai, sannan ta goyi bayan Gregory. Ta ce na ɗan lokaci ne. Ta kuma roƙi Sailuba ta sanar da asibitocin da kanta, tunda da harshensu abin zai fi zuwa musu da sauƙi.

Sailuba ta fita ta zauna a kan matakalar bene, inda ba mai jin ta. A gida la'asar ta yi. Ta kira Sista Martina, ungozomar garinsu, wadda ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwarsu.

"'Yar Amurka! Yau an tuna da mu?"

"Sista, ina wuni? Ya aiki? Ya su Elvis da sauran yara?"

Suka gaisa, suka sake gaisawa. Sailuba ta tambayi ruwan sama, ta tambayi ciwon gwiwar Sista, har abin tambaya ya ƙare mata. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ana jin kukan jariri daga nesa.

"To, Allah ya kyauta," in ji Sista Martina. "Na kasuwa ba na yarda da shi, rabi alli ne. Wanda ya rage mini ɗan kaɗan ne, ba zai kai ƙarshen wata ba."

"Sharifa ta zo awo?"

"Ta zo shekaranjiya. Kan jaririn ya sauko. Jininta dai bai yi mini ba, na ce ta dage da zogale."

Sailuba ta dubi ƙofar benen, ta rage murya, ko da yake duk ginin babu mai jin Hausa. Kunya ta kama ta tun kafin ta buɗe baki, amma tsoro ya fi kunyar ƙarfi.

"Sista, don Allah, ki ware mata nata. Ki ajiye a gida, kar ki bar shi a asibiti."

"Sailuba."

"Na roƙe ki. Ita kaɗai gare ni."

Ta ji Sista ta ja numfashi, ta ji ƙarar labule, sai nishin wata mace ya cika wayar.

"Kina jin wannan? Daga rugar bayan kogi aka kawo ta, haihuwarta ta bakwai, tafin hannunta fari fat. Akwai wata a benci tana jira. In kin ce in ware, zan ware, Sharifa 'yata ce. Amma ke za ki faɗa mini daga na wa zan cire."

Sailuba ta manna wayar a kunne da hannu biyu. Matar ta sake yin nishi, ta kira sunan Allah.

"Ina jin ki," in ji Sista Martina. "Yi sauri, ana kira na."

Sailuba ta rufe ido.

"Ki ware," ta ce.