Kulocin Hanyar Abaji

Sun wuce Kwali kaɗan kulocin motar ya faɗi ƙasa ya ƙi tasowa. Lukmanu ya taka, ya sake takawa, ba komai, kamar mutum ya taka soso. Da ƙyar ya gangara da bas ɗin gefen titi, gumi na tsatso masa.

"Innalillahi! Lukmanu, lafiya?" in ji Mama Zulai daga baya.

A bayan motar, kan katifar da suka shimfiɗa bayan sun cire kujeru biyu, Baba Yamusa ne kwance, mijinta, maƙwabcin Lukmanu na shekara goma sha ɗaya a Lugbe. Da safen nan likita ya ce ba sauran abin yi, a mai da shi gida. Shi kuwa Baba ya ce gidansa Abaji ne, inda yayarsa Rekiya take, kuma da ransa yake so ya shiga, ba a naɗe cikin likkafani ba. Abin da ya roƙa ke nan.

Shekara talatin Baba ya yi yana kanikanci, ƙarshenta a Apo. Wannan tsohuwar bas da Lukmanu ya samo a gwanjon ma'aikatarsu, Baba ne ya riƙe ta da rai. Shi Lukmanu, Allah na gani, takarda kawai ya sani. Ya zaro wayarsa zai nemi wata mota, ga manyan jif-jif sababbi suna ta wucewa fuu, ba mai ko waigowa.

"Darakta." Muryar ta fito siririya. Haka Baba yake tsokanarsa tun yana ƙaramin akawu. "Aje wayar nan. Shafa ƙarƙashin abin takawa. Da danshi?"

Lukmanu ya shafa. "A bushe yake, Baba."

"To kulocin sama lafiya lau. Na ƙasa ne ya sha iska. Duba ƙasan kujerarka."

Kwalbar man birki ce da ƙaramar sifana, an naɗe su a tsumma. Yaushe Baba ya ajiye, oho. Lukmanu ya cika ɗan kofin man kulocin, sai Baba ya ce aikin na mutum biyu ne, ɗaya yana takawa, ɗaya yana kwance noti a ƙasa.

"Zulai, hau kujerar direba."

"Ni? Malam, ni da ko keke ban taɓa hawa ba?"

"Shekara arba'in kina tuƙa ni. Hau."

Ta yi dariya da hawaye a fuskarta, ta tattara zani ta hau. Lukmanu ya tuɓe farin kaftaninsa ya shige ƙarƙashin mota, ƙasa na ƙona masa baya. Tsoro yake ji ƙwarai. Ba ya so mutumin nan ya cika a bakin titi saboda rashin iyawarsa.

"Taka biyar, Zulai. Ta biyar ki danne, kar ki ɗaga. Darakta, kwance kaɗan."

Notin ya yi fiit, ya tofo kumfa a idon Lukmanu.

"Ɗaure. Zulai, ɗaga. A sake."

Zagaye na uku Mama Zulai ta ɗaga ƙafa kafin a ɗaure, iska ta koma, aiki ya dawo sabo. Lukmanu ya kusa yin kuka. Daga sama shiru, har gabansa ya faɗi, ya kira, "Baba?"

"Ina nan. Hutawa na yi. Ku biyun nan da a garejina kuke, da tuni na kore ku."

Suka sake daga farko. A na shida mai ya fito tas, babu kumfa.

"Malam, ya yi tauri! Wallahi yana ture min ƙafa!"

"Madalla. Mu tafi."

Motar sai da ta yi tari sau huɗu kafin ta tashi, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe baya. Giya ta shiga sumul. Lukmanu ya tuƙa a hankali, yana kauce wa kowane rami, kunnensa na baya yana bin numfashin Baba. Mama Zulai tana faɗa wa mijinta sunan kowane ƙauye da suka wuce, shi kuma yana cewa "uhm". Can "uhm" ɗin ya fara nisa da juna.

Ana kiran la'asar suka tsaya a ƙofar gidan. Lukmanu ya kai hannu ga makulli.

"Kar ka kashe ta," in ji Baba, da ƙyar. "Zobban fistan na injin sun cinye. In ta yi zafi ba ta tashi. Kai da komawa za ka yi."

Maza uku suka kama katifar tare da Lukmanu, aka shiga da Baba har rumfar tsakar gida. Rekiya, tsohuwa tukuf, ta rarrafo ta kama fuskarsa da hannu biyu.

"Yamusa, kai ne?"

"Ni ne, Yaya. Na iso."

Ta ba shi ruwa a ludayi, ya kurɓa sau biyu. Mama Zulai ta riƙe hannunsa tana nanata kalmar shahada, leɓensa na binta. Ba a yi rabin awa ba ya cika.

Lukmanu ya yi kuka sosai, bai ji kunyar kowa ba. Da aka fara shirin wanka sai ya fito waje ya ba dangi wuri. Bas ɗin tana nan inda ya bar ta, ƙofofi a buɗe, injin yana ta kaɗawa shi kaɗai, hayaƙi na bin gindin katanga. Ya daɗe tsaye yana saurare. Sannan ya miƙa hannu ciki ya murɗa makullin ya kashe ta.