Tukunyar Maganin Baffa Mancang

Surukina, Geng Shuanzhu, wanda nake kira Baba, mutum ne da zai yarda ya mutu da ciwo maimakon ya faɗe shi. Ni na gano, don ni ke zubar da bokitin bayan gida. Gero da masara suna fita yadda suka shiga, har kaji na rububi.

Da ƙyar muka kai shi wurin Qiao mai magani. Ya dafa hannunsa da yatsu uku, ya duba harshe.

"Saifarka ta yi sanyi, wutar cikin ta kusa mutuwa," in ji Qiao. "Wa ya ce ka riƙa shan kankanar da ta kwana a rijiya? Kai yaro ne?"

"Ubanka ma ya sha," Baba ya ce.

"Shi ya sa yake kwance a bayan tudu."

Ya ƙulla mana busasshiyar citta da wasu saiwoyi, ya ce ban da abu mai sanyi, sai kunun gero da zafinsa. A dafa a tukunyar ƙasa, ƙarfe yana ɓata magani.

To, a layinmu tukunyar magani ɗaya ce, ta ƙanin Baba, Baffa Mancang. Su biyun kuwa sun shekara da shekaru ba sa ga maciji, a kan wata magarya da ta tsiro a iyakar gidajensu. Magaryar ma tuni ta bushe, gabar ce ta ƙi bushewa.

Ni aka tura. Baffa ya saurare ni, ya shiga ciki, ya fito da ita da sauran ɗumi a gindinta.

"Ki ce wa wancan jakin ya riƙa taunawa," ya ce. "Tun muna yara haɗiya yake yi."

Kafin kaka Baba ya murmure. Na wanke tukunya, na ce bari in mayar.

"Kina da hankali kuwa?" ya daka mini tsawa. "Ki kai masa ciwo har gida? Mai ita ne ke zuwa ya ɗauka."

Gaskiyarsa, haka ake yi tun kakanni. Amma na san ba al'adar kaɗai yake tsarewa ba. Ya ɗora ta a kan katanga inda za a hango daga hanya, ya sayo giyar dawa ya ɓoye da ƙananan kofuna biyu. Ƙofa na motsi sai ya gyara zama. Na ce, "Baba, ka taka ka je mana, ko ba tukunya." Ya ce babba ba ya zuwa wurin ƙarami. Raina ya ɓaci, tausayinsa kuma ya kama ni.

Dusar ƙanƙara ta fara sauka ranar da matar Baffa ta turo ƙofa. Baba ya miƙe da sauri har sandarsa ta faɗi, yana leƙa bayanta.

"Shi ya fi ƙarfin zuwa, ko? Ga tukunyarku nan, ɗauki."

"Yaya, ba ita na zo ɗauka ba," ta ce. "Qiao ya ce abin ya wuce magani."

"Wane abu?"

"Ciwonku iri ɗaya, nasa ma ya riga naka. Ranar da aka zo aro, nasa maganin ya juye a kwano ya ba da ita. Na ce mu sayo wata, ya ce ta ƙarfe ta ishe shi. Na ce in zo in karɓa, ya ce ciwon nan yana dawowa da sanyi, a bar wa Yaya." Ta share hanci da bakin hannun riga. "Tun safe sunanka yake kira."

Baba bai ɗauki sanda ba, bai sa hula ba. Na bi shi da rigar sanyi ina kira, yana ta zamewa a kan ƙanƙara. Muna isa bakin katangarsu muka ji kukan 'yar Baffa ya tashi daga ciki.