Hular da Aka Warware

A ƙauyukan Bogura kowace mace ta iya saƙa hula da kwarashi, amma ta Jobeda daban take. Sauran mata su naɗa zare a kwarashi su tsayar da ɗan tsayin saƙa da suke kira sanda, su sake naɗawa su tsayar da wata, sai hular ta fito da tagogi, mai sanƙo ya sa ana hango kansa. Ita kuwa ba ta naɗawa. Sai ta soka kwarashin a ƙugun sandar da ta gabata ta jawo zaren ta nan, kowace sanda ta riƙe 'yar uwarta, hular ta fito a cike kamar tabarma. Wajen kakarta ta gada, kuma ba ta saƙa a gaban kowa. Ko 'yarta ce ta shigo sai ta rufe aikin da gefen mayafi. Saboda wannan hannu ne Kuddus, mai kawo musu zare yana karɓar huluna, yake fara tsayawa a ƙofarta kowane azumi, ya zauna ya sha shayi, sauran mata suna tsaye da kwandunansu.

Ana saura kaɗan a ga watan azumi, Jobeda ta wanke huluna ta shanya a kan gora bakin tafki. Da ta zo kwashewa, ɗaya babu.

Ba ta yi cigiya ba. Gidan Moyna ta nufa, maƙwabciyarta da suke wanki a dutse ɗaya tun suna amare, ta ce aron rariya ta zo. Tana shiga idonta ya faɗa kwandon saƙa. Ga wani dunƙulen zare ya yi cukurkuɗe kamar gashin rago. Zaren da aka taɓa saƙawa aka warware ba ya miƙewa, ko yaro ya san wannan. Ashe Moyna zama ta yi ta ja bakin zaren a hankali, tana kallon yadda kowace sanda ke sakin 'yar uwarta, har ta karance aikin daga ƙarshe zuwa farko.

"Uwar Rofik, wannan zaren wa ya yi masa kitso?" in ji Jobeda, tana kiran Moyna da sunan ɗanta.

Moyna ta tofar da jan yawun ganyen da take taunawa, ta ce kyanwa ce ta yi wasa da shi.

"Lallai kyanwarki ta yi makaranta."

"To Yaya, da za ki tafi da shi kabari ne? Hannu dai kowa Allah ya ba shi."

Jobeda ba ta ɗauki rariyar ba. Ta koma gida ta ƙi cin shinkafa, mijinta ya ce ta kai ƙara wajen dattawa, ta ce masa ya ji da gonarsa. Dattawa za su sa a biya ta hula, amma wa zai ciro abin da ya riga ya shiga kan Moyna? Abin da ke cin ta shi ne ranar da Kuddus zai zauna a ƙofar waccan matar, a ce su biyu ne gwanaye. Gara a fasa kowa ya rasa.

Washegari da hantsi ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mangwaron da ke daidai ƙofar Moyna, ta aika a kira mata. Suka zo har da masu goyo. Ta ɗaga kwarashi sama ta nuna musu inda ake sokawa, ta maimaita, ta kama hannun wadda ta kasa ta gyara mata, fuskarta a murtuke kamar mai rabon gado. Wata ta yi mata godiya, Jobeda ta ce ta riƙe abinta, ba don Allah ta yi ba. Moyna na tsaye a bakin ƙofa, ba wanda ya matsa mata wuri.

Wanda ya ƙona rumbunsa don ɓera, ai shi zai kwana da yunwa. Da Kuddus ya zo, ya tarar da huluna cikakku a kowane kwando. Ya juya wannan ya juya waccan, bai tambayi ta wace ce ba, ya zuba su duka a buhu ɗaya. Bai zauna ba, ya ce yana sauri. Jobeda ta tsaya a layi bayan wata yarinya da ta koya shekaranjiya, Moyna na can gaba da mutum uku, kowacce ta juya wa 'yar uwarta ƙeya.